Yadda Ake Haɗa Shuɗaɗɗun Lokuta a Faransanci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu koyon Faransanci a nan Zariya, tun daga 'yan sakandare masu shirin rubuta WAEC da NECO, zuwa ɗaliban Sashen Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, har da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Maraɗi ko Kwatano. Galibinsu sun haddace yadda ake sarrafa aikatau a kowane lokaci, amma da zarar an ce su ba da labarin abin da ya faru jiya, sai lokutan su cakuɗe musu. Amsoshin duka sun ginu a kan abu guda: Bahaushe ya tashi da mafi yawan wannan bambanci a cikin harshensa, don haka hanya mafi kusa gare shi ita ce ya tashi daga Hausa kai tsaye ya shiga Faransanci, ba sai ya biya ta Turanci ba.

Shuɗaɗɗun lokuta nawa ne ya wajaba mutum ya iya kafin ya ba da labari da Faransanci?

Uku ne ba makawa: passé composé, da imparfait, da plus-que-parfait. Akwai na huɗu, wato passé simple, wanda ake bukatar mutum ya gane shi idan ya ci karo da shi a littafi, ko da kuwa ba zai taɓa furta shi da bakinsa ba.

Ana gina passé composé da kalmomi biyu, wato mataimakin aikatau avoir ko être a lokacin yanzu, sai kuma siffar aikatau da ake kira participe passé, kamar "j'ai mangé", na ci, ko "elle est partie", ta tafi. Imparfait kuwa kalma ɗaya ce. Ana ɗauko siffar aikatau ta "nous" a lokacin yanzu, a cire -ons, sannan a liƙa ɗaya daga cikin ɗafa-ƙeya shida: -ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient. Daga "nous finissons" ake samun "je finissais", daga "nous prenons" ake samun "je prenais". Être ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida, domin saiwarsa ét- ce, sai a ce "j'étais". Plus-que-parfait ginin passé composé ne sak, illa dai mataimakin aikatau yana zuwa a imparfait: "j'avais mangé", "elle était partie".

Mene ne ainihin bambancin da ke tsakanin passé composé da imparfait?

Bambancin ya ta'allaƙa ne a kan inda mai magana ya tsaya yake kallon aikin. Idan ya kalle shi a dunƙule, da farkonsa da ƙarshensa, a matsayin abin da ya auku ya kammala, to passé composé zai ɗauka. Idan kuwa ya shigar da mai sauraro tsakiyar aikin yana cikin gudana, ba tare da ya damu da inda ya fara ko inda ya tsaya ba, to imparfait ne. Na farko yana amsa tambayar "sai me ya faru?", na biyu kuma yana amsa "yaya abubuwa suke a lokacin?"

Ruwan sama ɗaya ne aka yi jiya, amma ana iya faɗarsa ta fuska biyu. Wanda ya ce "Hier, il a plu" ya gama zancensa, domin cewa ya yi jiya an yi ruwa. Wanda ya ce "Hier, il pleuvait" kuwa cewa ya yi jiya ana ruwa, kuma duk Bahaushen da ya ji haka zai kasa kunne yana jiran ragowar maganar: ana ruwa, sai me? Bafaranshe ma haka zai jira.

Malam, ta yaya Hausa za ta taimaka, alhali da Turanci ake koya mana Faransanci a makaranta?

A nan ne mafi yawan wahalar ta samo asali. Turanci yana amfani da siffar aikatau guda ɗaya wajen faɗar abin da aka yi sau ɗaya da kuma abin da aka saba yi a da, don haka ɗalibin da ya fara tsara jimlarsa da Turanci yakan zuba passé composé a wuraren biyu. Hausa ba ta haɗa su. Masu nahawu sun rarrabe mana shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, kamar "sun tafi", da na biyu, kamar "suka tafi", da lokaci mai ci, kamar "suna tafiya" ko "suke tafiya", da kuma lokaci na sabo, kamar "sukan tafi". A cikin labarin abin da ya wuce, "suka" da 'yan uwanta suna komawa passé composé, "suna" da "sukan" kuma suna komawa imparfait.

A ɗauki jimlar da kowane mazaunin garin nan ya taɓa faɗa: "Muna cin abinci sai aka ɗauke wuta." Faransancinta shi ne "Nous mangions quand on a coupé le courant." Kalmar "muna" ta ba da imparfait, "sai aka" ta ba da passé composé, kuma ba a bukaci wani dogon tunani ba. Haka nan "Da muna yara, mukan hau dutsen Kufena lokacin hutu" tana zama "Quand nous étions enfants, nous montions sur la colline de Kufena pendant les vacances", duka biyun a imparfait. Idan kuwa ayyuka suka jeru ɗaya na bin ɗaya, kamar "Ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci", to kowannensu passé composé ne: "Il s'est levé, il a fait ses ablutions et il est allé à la mosquée."

Duk wanda ya saurari tatsuniya a bakin kakarsa ya riga ya san wannan tsari. "Gizo yana zaune a gindin bishiya sai ga Ƙoƙi ta zo" ita ce "Gizo était assis au pied d'un arbre quand Koki est arrivée." Imparfait shi ne tabarmar da ake shimfiɗawa, passé composé kuma su ne baƙin da ke zuwa su zauna a kai ɗaya bayan ɗaya.

An koya mana cewa gajeren aiki passé composé ne, dogon aiki kuma imparfait. Shin haka ne?

Wannan ƙa'ida ta fi ɓarna a kan gyara, kuma a ganina gara a daina koyar da ita. Tsawon aiki ba shi da hannu a zaɓin. Yaƙin basasar Nijeriya ya ɗauki wata talatin, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, amma da Faransanci cewa ake yi "La guerre civile a duré trente mois", a passé composé, saboda an yi masa iyaka ta gaba da ta baya. A ɗaya gefen kuma, buɗe ƙofa ba ya ɗaukar ko daƙiƙa biyar, amma ana cewa "J'ouvrais la porte quand le téléphone a sonné", ina buɗe ƙofa sai waya ta yi ƙara, domin an kama aikin ne a tsakiyarsa.

Haka lamarin yake game da maimaici. Idan an ƙidaya yawan lokutan da aka yi abu, to an rufe shi ke nan: "Je suis allé trois fois à Zinder", na je Damagaram sau uku. Idan ba a ƙidaya ba, an dai nuna sabo ne, sai imparfait: "J'allais à Zinder chaque année", nakan je Damagaram kowace shekara.

To, babu inda Hausar take iya kai mutum ta baro?

Akwai, kuma ya kamata a san wuraren tun da wuri. Mafi girmansu shi ne cewa "yana" da "suna" ba sa nuna zamani da kansu. "Yana barci" tana iya zama yanzu, tana iya zama jiya, sauran zancen ne ke fayyacewa. Faransanci kuwa ba ya yarda a bar masa wannan a buɗe, dole aikatau ya ɗauki alamar wucewa. Shi ya sa ake yawan ganin "Quand je suis arrivé, il dort" a takardun ɗalibai, alhali daidai shi ne "il dormait". Matsalar ta fi tsanani a jimlolin da Hausa ba ta sa musu aikatau kwata-kwata, irin su "gidan babba ne", "akwai mutane da yawa", "babu ruwa a famfo". A cikin labarin da ya wuce, tilas su zama "la maison était grande", "il y avait beaucoup de monde", "il n'y avait pas d'eau au robinet". Wanda ya lizimci "c'était", da "il y avait", da "il faisait" ya rage kaso mai yawa na jan biron da malami zai yi masa.

Wuri na biyu shi ne aikatau masu nuna hali, kamar sani, da gajiya, da tsufa. Hausa tana faɗarsu da siffar shuɗaɗɗe, ta ce "na gaji", "ban san sunansa ba", alhali hali ne da mutum yake ciki. Don haka "Na gaji, shi ya sa na kwanta da wuri" ba za ta ɗauki passé composé sau biyu ba. Daidai shi ne "J'étais fatigué, alors je me suis couché tôt." Haka kuma "ban san sunansa ba" a cikin labari tana zama "je ne connaissais pas son nom".

Sai kuma "sai ya" ɗin da ke zuwa bayan "kullum". A jimlar "Kullum sai ya biyo ta Ƙofar Doka ya gaishe mu", mai gaggawa zai ga "sai ya" ya ɗauka aukuwa ce guda, amma "kullum" ta riga ta mayar da zancen sabo: "Tous les jours, il passait par Kofar Doka pour nous saluer." Akasin wannan shi ne "Ya yi shekara ashirin yana koyarwa", inda "yana" ke jan mutum zuwa imparfait, alhali "ya yi shekara ashirin" ta rufe lokacin: "Il a enseigné pendant vingt ans."

Akwai kalmomin da idan mutum ya gan su zai san lokacin da zai ɗauka?

Akwai masu nuna hanya, amma ba doka ba ce. Autrefois, d'habitude, tous les jours, chaque année da pendant que sun fi tafiya da imparfait. Soudain, tout à coup, un jour, puis da ensuite sun fi tafiya da passé composé. Sai dai "Il est souvent venu me voir cette année-là" jimla ce ingantacciya duk da souvent ɗin da ke cikinta, saboda an killace zuwan nasa a cikin shekara guda. Quand kuwa tana karɓar kowanne. Mutum ya yi amfani da waɗannan kalmomi wajen duba aikinsa bayan ya gama, kada ya sa su su yi masa zaɓin.

Yaushe ake bukatar plus-que-parfait?

Ana bukatarsa a duk lokacin da mai ba da labari ya ja da baya domin ya ambaci abin da ya riga ya auku kafin inda labarin ya kai. "Da muka isa tashar Kwangila, motar ta riga ta tashi" ita ce "Quand nous sommes arrivés à la gare de Kwangila, la voiture était déjà partie." Idan aka ce "la voiture est partie", ma'anar ta sauya gaba ɗaya, ta koma da muka isa sai motar ta tashi, wato a kan idonmu ta tafi, wataƙila ma da mu a ciki.

A nan ma kunnen Bahaushe yana da abin dogaro, ko da babu kalmar "riga". A gwada "Da muka isa, sun tashi" da kuma "Da muka isa, sai suka tashi". A ta farko mun tarar da wurin wayam, a ta biyu kuwa isowarmu ce ta tayar da su. Wannan "sun" da ta faɗo a tsakiyar jerin "muka" da "suka" ita ce plus-que-parfait: "ils étaient partis". Ana kuma yawan samunsa bayan que da parce que, inda ake bayyana dalili ko asalin abu, kamar "J'ai retrouvé le livre que j'avais perdu", na ga littafin da na ɓatar, ko "Elle pleurait parce qu'elle avait échoué", tana kuka saboda ta faɗi jarrabawa.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne zaton cewa plus-que-parfait na abin da ya daɗe da faruwa ne. Daɗewa ba ta jawo shi. "Le Nigeria a obtenu son indépendance en 1960" passé composé ce, haka ma "L'université Ahmadu Bello a ouvert ses portes en 1962". Sai an sami wani abin da ya wuce wanda ake auna shi da shi, kamar a ce "Quand l'université a ouvert ses portes en 1962, le Nigeria avait déjà obtenu son indépendance."

Yaya ake cewa "fitata ke nan sai ya kira" ko "zan fita ke nan sai ya kira"?

Da venir de da aller, dukansu a imparfait. Ta farko ita ce "Je venais de sortir quand il a appelé", ta biyu kuma "J'allais sortir quand il a appelé". A wannan aiki nasu ba a taɓa sa su a passé composé.

Ko za a iya nuna lokutan uku a cikin labari guda?

Ga ɗan gajeren labari da Hausa: "Ranar Asabar da ta wuce na je kasuwar Sabon Gari. Ana tsananin zafi, tituna cike da jama'a. Ina neman tela sai na haɗu da wani tsohon ɗan ajinmu. Rabona da shi shekara biyar. Ya ce mini yana aiki a Maraɗi, kuma ya yi aure. Muka sha shayi, sannan ya tafi."

Ga shi da Faransanci: "Samedi dernier, je suis allé au marché de Sabon Gari. Il faisait très chaud et les rues étaient pleines de monde. Je cherchais un tailleur quand j'ai rencontré un ancien camarade de classe. Je ne l'avais pas vu depuis cinq ans. Il m'a dit qu'il travaillait à Maradi et qu'il s'était marié. Nous avons bu du thé, puis il est parti."

Idan aka tsince jimlolin passé composé kaɗai, za a ga labarin yana tsaye da ƙafafunsa: na je, na haɗu da shi, ya ce mini, muka sha shayi, ya tafi. Idan kuwa aka tsince na imparfait kaɗai, za a sami zafi, da cunkoso, da neman tela, ba tare da komai ya faru ba. Wurare biyu ne aka waiwaya baya, wato rabuwar shekara biyar da kuma auren, su ne suka ɗauki plus-que-parfait. Wannan tsincewa hanya ce mai kyau ta duba insha'i kafin a miƙa shi. Abin lura kuma shi ne jimlar Hausa ta biyu da ta huɗu, "tituna cike da jama'a" da "rabona da shi shekara biyar", ba su da aikatau mai nuna lokaci, amma Faransanci ya tilasta a samar musu.

Me ya sa "je savais" da "j'ai su" suke da ma'ana daban, alhali aikatau ɗaya ne?

Saboda aikatau mai nuna hali, idan aka sa shi a passé composé, yakan koma nuna lokacin da aka shiga halin ko kuma sakamakon da ya haifar. Hausa takan yi amfani da kalmomi biyu mabambanta a irin wannan wuri, abin da ke sauƙaƙa riƙewa. "J'avais peur" ina jin tsoro ne, "j'ai eu peur" kuwa na tsorata. "Il ne voulait pas venir" ba ya son zuwa ne, kuma mai yiwuwa daga baya ya zo, amma "il n'a pas voulu venir" ya ƙi zuwa ne, magana ta ƙare. "Je savais la vérité" dama na san gaskiya, "j'ai su la vérité" kuma na gano ta. "Je connaissais son père" na san mahaifinsa, "j'ai connu son père à Kaduna" a Kaduna na fara saninsa.

Pouvoir da devoir sun fi sauran jawo rashin fahimta a magana ta yau da kullum. Wanda ya ce "je pouvais l'aider" ya nuna yana da halin taimakon ne kawai, bai ce ya taimaka ba, amma "j'ai pu l'aider" na nufin ya samu ya taimaka. "Je devais partir à huit heures" an tsara zan tafi ƙarfe takwas, ko na tafi ko ban tafi ba, "j'ai dû partir à huit heures" kuwa dole ta sa na tafi. Ɗan kasuwar da ya ce wa abokin cinikinsa "je devais payer hier" yana nufin ya biya, to ya faɗi akasin abin da ke ransa, domin abin da ɗayan zai ji shi ne kuɗin suna nan ba a biya ba.

Yaya zan san inda ake sa être da inda ake sa avoir?

Mafi yawan aikatau avoir suke ɗauka. Masu ɗaukar être rukuni biyu ne. Na farko su ne aller, venir, revenir, devenir, arriver, partir, entrer, rentrer, sortir, monter, descendre, rester, retourner, tomber, passer, naître da mourir. Akan ce wa ɗalibai aikatau ne na motsi, amma wannan bayani yana da rauni, domin rester ba motsi ba ne, sannan marcher, courir da voyager duk motsi ne amma avoir suke ɗauka. Haddace jerin ya fi aminci. Rukuni na biyu su ne masu ɗauke da "se", kamar se lever, se laver, se marier.

Da être, participe passé yana bin jinsi da adadin aikau: "il est parti", "elle est partie", "elles sont parties". Da avoir ba ya bin aikau, sai dai yana bin karɓau idan karɓau ɗin ya riga shi zuwa a jimla: "j'ai écrit la lettre", amma "la lettre que j'ai écrite". Wasu daga cikin rukunin farko, irin su sortir, monter, descendre, rentrer da passer, suna komawa avoir idan suka sami karɓau kai tsaye, shi ya sa ake cewa "elle est sortie", ta fita, amma "elle a sorti la voiture", ta fito da mota. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi plus-que-parfait ba tare da wani sauyi ba.

Idan ina ba da labarin abin da wani ya faɗa, wane lokaci zan sa?

Hausa tana barin maganar yadda mai ita ya yi ta. "Ya ce ba shi da lafiya", "ya ce ya ɓatar da kuɗin", "ya ce zai zo". Faransanci kuwa yana jan waɗannan lokuta baya da taki ɗaya muddin aikatau na faɗa yana a shuɗaɗɗe. Lokacin yanzu ya koma imparfait: "Il a dit qu'il était malade." Passé composé ya koma plus-que-parfait: "Il a dit qu'il avait perdu l'argent." Lokaci mai zuwa ya koma conditionnel, wato siffar aikatau ta sharaɗi: "Il a dit qu'il viendrait." Za a ji masu magana da harshen suna barin lokacin yanzu idan abin yana nan bai sauya ba, amma a rubutun jarrabawa bin ƙa'idar ya fi tsira.

Mene ne bambancin depuis, da pendant, da il y a?

Pendant tana rufe lokaci, don haka ta fi zuwa da passé composé: "Il a habité à Tudun Wada pendant dix ans", ya yi shekara goma a Tudun Wada, yanzu ba ya can. Depuis tana barin lokacin a buɗe har zuwa inda labari ya kai, sai ta ɗauki imparfait: "Il habitait à Tudun Wada depuis dix ans quand son père est mort", yana da shekara goma da zama a Tudun Wada mahaifinsa ya rasu. Idan akwai korewa, plus-que-parfait ne ke zuwa, kamar yadda aka gani a "je ne l'avais pas vu depuis cinq ans". Il y a kuwa tana auna nisa ne daga yau: "Je suis arrivé à Zaria il y a deux ans", shekara biyu ke nan da zuwana Zariya.

Shin dole ne in koyi passé simple?

Ga mai neman ya yi ciniki ko hira, ba dole ba ne, domin ba a amfani da shi a maganar yau da kullum, ko a Paris ko a Yamai. Ga ɗalibin adabi ko tarihi kuwa ba makawa, saboda da shi ake rubuta galibin ƙagaggun labarai, da tatsuniyoyi, da tarihin rayuwar mutane. Aikinsa shi ne na passé composé, kuma yana haɗuwa da imparfait da plus-que-parfait ta hanya iri ɗaya. Ya isa a fara da siffofin "il" da "ils", tunda su ne suka cika littattafai: il parla, ils parlèrent, il finit, il fut, il eut, il fit, il vint, il prit. A littafin tarihi za a ga "Aminu Kano naquit en 1920 et mourut en 1983", a baki kuwa "il est né en 1920 et il est mort en 1983". Abin da malamai ba sa yafewa shi ne a fara insha'i da passé simple, a tsakiya a zame zuwa passé composé, sannan a sake komowa.

Me ya sa ake ganin imparfait bayan "si" alhali ba a maganar abin da ya wuce?

Wannan shi ne "da" na Hausa mai nuna abin da bai tabbata ba. "Da ina da kuɗi, da na sayi mota" ita ce "Si j'avais de l'argent, j'achèterais une voiture." Idan damar ta riga ta wuce, sai plus-que-parfait: "Da na sani, da ban zo ba" tana zama "Si j'avais su, je ne serais pas venu." Ba a sa conditionnel a ɓangaren da ke ɗauke da wannan "si" ta sharaɗi.

A wurin shifta ba na iya bambance "j'ai parlé" da "je parlais". Ina mafita?

Wasulan Hausa biyar ne, kuma ba mu rarrabe é da è, don haka ƙarshen kalmomin biyu yakan zo wa kunnenmu iri ɗaya. Hatta a kudancin Faransa mutane da yawa suna furta su ɗaya. Mafita ita ce a mayar da hankali ga farkon maganar. A "j'ai parlé" ana jin wasali bayyananne bayan j, a "je parlais" kuwa wasalin rarrauna ne, wani lokaci ma haɗiye shi ake yi. Da "il" abin ya fi sauƙi, domin "il a parlé" ta fi "il parlait" da gaɓa ɗaya. Inda kunne ya gaza, ma'ana tana cike gurbin: mutum ya tambayi kansa da Hausa, "ya yi magana" ne ko "yana magana"?

Wane irin atisaye ne ya fi amfani ga wanda ke zaune a Zariya?

Cike gurbi a littafin darasi yana koyar da siffofi, amma ba ya koyar da zaɓi, domin marubucin littafin ya riga ya yi wa ɗalibi rabin tunanin. Abin da ya fi shi ne mutum ya rubuta labarin yininsa da Hausa a jimloli shida ko takwas, ya ja layi ƙarƙashin kowace "ina", "yana", "kan", "sai na", "suka" da "riga", ya sa wa jimlolin da ba su da aikatau alama ta daban, sannan ya juya shi zuwa Faransanci. Bayan 'yan makonni sai ya daina rubuta Hausar, ya riƙa yinta a zuci, har ta kai ba ya bukatarta.

Ta fuskar sauraro, gidan rediyon RFI yana da shirin labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci mai suna Journal en français facile, wanda ake samu a intanet tare da rubutaccen abin da aka karanta. Tunda gidan yana da sashen Hausa, mutum yana iya jin labarin yini da harshensa tukuna, sannan ya bi na Faransancin yana lura da inda aka sa kowane lokaci. A Samaru da Kongo kuma akan sami ɗalibai 'yan Nijar, da Kamaru, da Cadi, waɗanda da yawansu suna jin Hausa da Faransanci duka biyu, kuma hira da irinsu ta fi ta wanda sai an bi ta Turanci.

Mai son takardar shaida yana iya neman jarrabawar DELF ta ƙwarewa a Faransanci ta hannun cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, wadda ke da rassa a Kaduna da Kano. A matakin A2 ana sa ran mutum ya iya ba da labari da passé composé da imparfait, a matakin B1 kuma a ƙara masa plus-que-parfait da ruwaito maganar wani. Ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci, waɗanda akan tura Ƙauyen Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991 domin zaman gogewa a harshen, ya kamata su isa can da waɗannan lokuta uku a hannu, saboda daga ranar farko za a bukaci su bayyana yadda tafiyarsu ta kasance tun daga Zariya, kuma da Faransanci za su yi bayanin.